Ƙibar da muke yi wa barka: Jan hankali ga masu shan maganin ƙanjamau da iyalansu

 

Ya 'yan uwa masu karatu, duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 zai iya tuna yadda cutar ƙanjamau take a idon jama'a. Sunanta kaɗai ya isa bayani: mutum ya ƙanjame, ya koma fata da ƙashi, ga gudawa ga tari, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Har laƙabi aka yi mata, ana ce mata kabari kusa. A yau labarin ya sauya. Binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma mafi yawansu yanzu suna kan magani. Da ƙwaya ɗaya a rana suna noma, suna kasuwa, suna koyarwa, suna aure, suna haihuwar 'ya'yan da ba su ɗauke da cutar. Wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya.

Sai dai tsawon rai ya zo da tasa jarrabawar. Mutumin da aka yi wa gwaji yana ɗan shekara talatin, ya rungumi magani, yau ya haura hamsin, kuma abin da ke barazana ga rayuwarsa a yanzu shi ne hawan jini, da ciwon suga, da yawan kitse a jini, da lalacewar ƙoda, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja a wannan rubutu, shi ne cewa gidajenmu suna taimaka wa wannan haɗari ba da saninsu ba, domin mun ɗauki ƙiba a matsayin shaidar warkewa, mun kuma mayar da rama abin zargi.

Daga rama zuwa teɓa

Tun farkon zuwan magungunan nan likitoci suka lura suna taɓa yadda jiki ke sarrafa kitse da suga. A 1996 ne aka fara haɗa magunguna uku a lokaci guda, haɗin da ya ceto rayuka ba adadi. Amma wasu daga cikin magungunan wancan zamani, musamman wanda ake kira stavudine, sukan narkar da kitsen fuska da hannuwa da ƙafafu, kumatu su zurma, wasu marasa lafiya kuma kitse ya taru musu a ciki da bayan wuya. Mutum yana samun sauƙi, fuskarsa kuma tana tona masa asiri. A jagorar da ta fitar a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su janye wannan magani a hankali, kuma an janye shi.

A 2019 hukumar ta zaɓi wani magani mai suna dolutegravir ya zama ginshiƙin magani na farko ga kowa. Shi ne ke cikin ƙwayar nan ta haɗin uku da ake kira TLD, wadda mafi yawan masu karɓar magani a asibitocinmu suke sha a yau. Magani ne mai ƙarfi, yana danne ƙwayar cutar da sauri, ba ta saurin bijire masa, kuma bai cika wahalar da mai shan sa ba. Amma a wannan shekarar dai sakamakon wasu bincike biyu da aka yi a Afirka ya fito da wani abin lura.

Na farko, mai suna NAMSAL, an yi shi ne a Yawunde ta ƙasar Kamaru a kan mutum 613. Bayan mako 48, waɗanda suka sha dolutegravir sun ƙara kimanin kilo 5, waɗanda suka sha tsohon magani efavirenz kuma kimanin kilo 3. Kashi 12 cikin 100 na rukunin farko sun shiga sahun masu ƙibar da ta wuce kima, alhali a ɗaya rukunin kashi 5 ne. Na biyu, mai suna ADVANCE, an yi shi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a kan mutum 1,053. A nan mata ne suka fi ƙara nauyi: a cikin mako 48, matan da aka haɗa musu dolutegravir da sabon nau'in tenofovir sun ƙara fiye da kilo 6, masu tsohon nau'in kimanin kilo 3, masu efavirenz kuma ƙasa da kilo 2. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin binciken 2018 ya nuna cewa a Najeriya, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, matan da ke ɗauke da ƙwayar sun ninka maza.

Adalci ne a faɗi cewa wani ɓangare na wannan nauyi alheri ne. Jikin da cuta ta cinye, idan ya sami sauƙi, dole ya mayar da abin da ya rasa. Masana sun kuma gano cewa wasu tsofaffin magungunan ne ke danne nauyi, shi ya sa idan aka bar su ake ganin ƙari. Damuwar tana farawa ne a lokacin da nauyi ya wuce inda yake kafin rashin lafiya, ya ci gaba da hauhawa shekara bayan shekara, yana taruwa a tumbi.

Abin da ke gudana a cikin jiki

Abubuwa uku ne ke haɗuwa a kan mai ɗauke da ƙwayar. Na farko ita kanta ƙwayar cutar. Ko da magani ya danne ta har gwaji bai iya ganin ta a jini, tana nan a maƙale a wasu sassan jiki, kuma garkuwar jiki ba ta komawa cikakken hutu. Kamar garwashi ne da toka ta rufe: ba a ganin harshen wuta, amma zafinsa yana cin bangon hanyoyin jini a hankali, yana sauƙaƙa wa kitse mannewa a cikinsu. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka buga shi a 2018, ya nuna cewa haɗarin ciwon zuciya da na hanyoyin jini ga mai ɗauke da ƙwayar ya kai kusan ninki biyu na wanda ba ya ɗauke da ita.

Na biyu shi ne magani, kuma kowane iri da nasa hali. Waɗanda ake haɗawa da ritonavir, da ake bai wa mutanen da magani na farko ya daina yi musu aiki, sukan ɗaga kitsen jini. Tsohon nau'in tenofovir da ke cikin TLD yakan taɓa ƙoda da ƙarfin ƙashi ga wasu mutane. A 2020 kuma likitoci a Yuganda sun ba da rahoton wasu marasa lafiya ƙalilan da sugansu ya yi mummunan tashi bayan an mayar da su kan dolutegravir.

Na uku shi ne abin da ya shafe mu duka: shekaru, da gado, da cimar zamani, da zaman wuri ɗaya. Kitsen da ya taru a tumbi, ya kewaye hanji da hanta, yana sa jiki ya daina amsa kiran insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka. Idan ƙofa ta ƙi buɗuwa sai suga ya taru a jini, hanta ta tara kitse, jini ya hau. Waɗannan cututtuka ba sa sallama. Mutum yana iya shafe shekaru da hawan jini bai taɓa jin ko ciwon kai ba, sai ranar da ya faɗi a banɗaki ko a sahun sallah.

Inda hannunmu yake

A al'adarmu, idan mara lafiya ya tashi, da ƙiba ake auna sauƙinsa. "Masha Allah, kin murje, kin yi kyau." "Wane ya ajiye teɓa, hankali ya kwanta." Amarya ana so ta yi ɓul-ɓul, magidanci ana so a ga tumbi a ce kuɗi sun zauna. A ɗaya gefen kuma, tun daga shekarun da cutar ta yi ta kisa, mun koyi kallon duk wanda ya rame da wutsiyar ido. Mace ta rame bayan rasuwar mijinta, sai a fara raɗa a gidan biki. Saurayi ya dawo daga ci-rani a bushe, sai a ce a bincika kafin a ba shi 'ya.

To, ya ɗan uwa, ka sa kanka a matsayin baiwar Allah da ke shan wannan magani a ɓoye, wadda wataƙila daga mijinta sai ma'aikaciyar asibiti suka san halin da take ciki. Ta ga yadda ake yi da ramammu. Magani ya karɓe ta, jiki ya ciko, masu raɗa sun yi shiru. A wurinta wannan ƙiba sutura ce. Ranar da ma'aikaciyar jinya ta ce mata ta rage kilo biyar saboda jininta ya fara hawa, abin da take ji a zuciyarta shi ne an ce ta yaye mayafinta a tsakiyar kasuwa. Za ta amsa da to, ta koma gida ta ci gaba da yadda take. Wasu ma har sukan kai ga sayen ƙwayoyin sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, alhali a cikinsu akwai masu ɗauke da dexamethasone, maganin da yawan shan sa ke ɗaga suga da jini, ya kuma raunana garkuwar jikin da ake ta fafutukar ginawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma wani tarko. Ɗaya daga cikin alamomin ciwon suga idan ya yi ƙarfi shi ne rama ba dalili, tare da yawan ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, da kasala, da dishi-dishin gani. Mai shan maganin ƙanjamau da ya ga yana zubewa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne tsohuwar cutar ce ta motsa. Cikin tsoro sai ya dage da lemon kwalba, da shayi mai kauri, da madarar gwangwani mai zaƙi, don ya mayar da jiki kafin mutane su lura. Iyalinsa ma, cikin ƙauna, su ne masu haɗa masa. Ana zuba wa wuta fetur da niyyar kashe ta.

Shi ya sa nake ganin tsangwama tana cikin musabbaban waɗannan cututtuka, kamar yadda gishiri da suga suke. Addininmu ya haramta mummunan zato, da bin diddigin asirin mutane, da cin naman ɗan uwa a bayan idonsa, kuma kowane ɗalibin Islamiyya ya san haka. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne cewa waɗannan zunubai suna da sakamako a jikin wanda aka yi wa. Harshen da ya sa mace ta ji tsoron rage ƙiba yana da kaso a shanyewar jikin da za ta iya fuskanta bayan shekara goma. Najeriya tana da dokar 2014 da ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da ƙwayar, amma doka ba ta shiga zauren gida ko ɗakin amarya. Tsoron Allah ne kaɗai ke shiga can. A kuma tuna cewa ƙwayar ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, ko buta, ko tsayuwa a sahu ɗaya, kuma da yawa sun same ta ne a gadon aurensu na sunna, ko ta ƙarin jini, ko daga mahaifa.

Kada wani ya ajiye maganinsa

Mai karatu zai iya cewa: tunda magani yana da hannu a wannan matsala, me zai hana a riƙa hutawa, a sha na wata uku a ajiye na wata uku? Masana sun riga sun gwada wannan tunani. A wani babban bincike mai suna SMART, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 5,000 a ƙasashe da dama, an raba mutane gida biyu: masu sha kullum, da masu dakatawa idan garkuwarsu ta yi ƙarfi. A farkon 2006 aka tsayar da binciken tun kafin lokacinsa, domin masu dakatawa sun fi kamuwa da cututtuka, sun fi mutuwa. Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne cewa hatta ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta, waɗanda ake zaton hutun zai rage, sun fi yawa a cikin masu hutun. Ƙwayar cutar da aka sake ta fi kowane magani ɓarna ga zuciya.

Don haka duk wanda ya karanta wannan rubutu ya ajiye ƙwayarsa, bai fahimce ni ba. Sauya magani ma aikin likita ne, kuma bincike bai nuna cewa barin dolutegravir yana zubar da nauyin da aka riga aka tara yadda ake fata ba. Haka nan masu tallar cewa sun warkar da ƙanjamau da sassaƙe ko jiƙo, su ji tsoron Allah. Wasu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna lalata ƙoda da hanta, gaɓoɓin da dama suke ɗauke da nauyin tace magani. Zuma abu ce mai albarka, babu musu, amma tana ɗaga sugan jini, don haka mai ciwon suga ya sha ta da ma'auni, kuma kada a ɗora mata aikin ƙwayar asibiti. Addu'a da shan magani abokan tafiya ne, kuma riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Abin da za a nema a asibiti

A yanzu ana bai wa waɗanda jikinsu ya daidaita maganin wata uku har zuwa shida a lokaci ɗaya. Wannan sauƙi ne, amma yana nufin mutum zai iya zuwa asibiti sau biyu kacal a shekara, ya karɓi kwalabensa cikin sauri don kada wani ya gan shi, ya fita ba a ɗaura masa abin awon jini ba. Ina roƙon kowane mai karɓar magani ya mayar da waɗannan awo haƙƙinsa, ya tambaya ko ba a yi masa tayi ba.

A auna hawan jini a kowace ziyara. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka maimaita a wata rana aka sami haka, to hawan jini ne. A auna suga da safe kafin a ci komai, aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan ya kai 126 a ma'aunin miligiram, wato 7 a ɗaya ma'aunin, aka kuma tabbatar, to ciwon suga ne. A hau sikeli a rubuta nauyi a kati, a kuma auna kewayen ciki, wanda ko da tef ɗin tela ana iya yi a gida: santimita 94 ga namiji da 80 ga mace su ne iyakar da ake fara taka-tsantsan. Sannan a duba lafiyar ƙoda da yawan kitsen jini gwargwadon yadda likita ya tsara, musamman ga wanda ya haura arba'in.

Wani abu mai muhimmanci shi ne gaya wa kowane likita gaskiyar magungunan da ake sha. Da yawa sukan karɓi maganin ƙanjamau a wani gari, su je neman maganin suga a wani asibiti, su ɓoye wa likita na biyu labarin na farko saboda kunya. Wannan ganganci ne. Dolutegravir yana ƙara yawan metformin a jini, wanda shi ne maganin suga da aka fi bayarwa, don haka sai an daidaita adadinsa. Maganin rage kitse mai suna simvastatin ba ya haɗuwa da magungunan da ke da ritonavir. Maganin gyambon ciki na ruwa mai kama da alli, da ƙwayoyin ƙarin jini, suna iya riƙe dolutegravir a hanji su hana shi shiga jiki, sai an bi tazarar lokacin da likita ya faɗa. Yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kuma yana ƙara wa ƙoda nauyi. Likita amintacce ne a kan sirrin mara lafiya, kuma ba zai iya kare ka daga abin da bai sani ba.

Akwai albishir ma. A 2023 an fitar da sakamakon binciken REPRIEVE, wanda ya bi mutum 7,769 masu ɗauke da ƙwayar, 'yan shekara 40 zuwa 75, a ƙasashe 12. Waɗanda aka bai wa ƙwayar rage kitse mai suna pitavastatin kullum sun sami raguwar manyan cututtukan zuciya da shanyewar jiki da kashi 35 cikin 100. Wanda ya kai arba'in ya tambayi likitansa ko irin wannan magani ya dace da shi.

Tukunya ɗaya ga kowa

A nan ne uwargida da maigida suke da babban aiki, kuma hikimar ita ce kada a ware wa mutum ɗaya tukunya. Da zarar an fara dafa wa wane abinci na daban, an buɗe ƙofar tambaya. Abincin da ya dace da mai shan wannan magani shi ne ya dace da kaka mai hawan jini, da maigida mai tumbi, da yara masu tasowa. Idan gida duka ya gyara cimarsa, an tsare lafiya an kuma tsare sirri.

Ba sai an sayi abin Turawa ba. Dawa da gero da acca da wake da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da taliya da burodi jinkirin ɗaga suga. Zogale da rama da alayyafo da yakuwa da kuɓewa da kuka suna nan a kasuwanninmu da araha. A rage malmalar tuwo a ƙara ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a tuna cewa dunƙulen miya ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Daddawa da citta da tafarnuwa suna ba da ɗanɗano. A rage man da ake kwarara wa miya, a rage soye-soye, a mayar da lemon kwalba abin baƙo na jefi-jefi. Motsa jiki kuma, minti 150 a mako ake nema, wato tafiyar sauri ta rabin sa'a sau biyar. Wanda ya saba hawa babur zuwa masallacin da ke bayan layi ya taka da ƙafa. Matan da ba su cika fita ba su sami lokacin zagaya tsakar gida, maza kuma su ba su dama da ƙwarin gwiwa.

Taba sigari da shisha kuwa babu sassauci a kansu. Wani bincike a ƙasar Danmak ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar da ke kan magani, idan suna shan taba, shekarun da taba ke ci musu sun fi waɗanda ƙwayar cutar ke ci.

Idan Ramadan ya ƙarato

Da yawa daga masu shan ƙwaya ɗaya a rana, waɗanda jikinsu ya daidaita, suna iya azumi lafiya ta hanyar mayar da lokacin sha zuwa dare, bayan sun yi shawara da ma'aikatan asibitinsu tun kafin ganin wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ya halatta shi ne tsallake ƙwaya saboda azumi, ko saboda kunyar a ga mutum yana haɗiyar magani a wurin buɗe baki. A sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, musamman idan azumi ya faɗo a bazara, saboda ƙoda.

Idan ciwon suga ya haɗu da lamarin, hukunci yana bin halin mutum. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna azumin masu ciwon suga a zamanta na Sharja a 2009, inda ta bi rabe-raben likitoci: akwai waɗanda azumi ke jefa su cikin haɗari mai tsanani, waɗannan su sha, akwai kuma waɗanda za su iya yi da kulawa. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce mai azumi ya karya nan take idan sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Tsira yatsa don auna suga ba ya karya azumi a fatawar malamai masu yawa. Rangwamen da Allah Ya yi wa mara lafiya kyauta ce daga gare Shi, kuma karɓar ta ba ragon imani ba ne. Sannan mu duba faifan buɗe bakinmu: ƙosai, da fanke, da soyayyen dankali, da kunu mai suga, da zoɓo mai suga, duk a zama ɗaya. Wata ne na kame ciki, bai kamata a fita daga cikinsa da ƙarin kilo ba.

Kira ga masu iko da masu hali

Maganin ƙanjamau kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, amma na hawan jini da na suga, da yawancin gwaje-gwajensu, sai mutum ya sa hannu a aljihu. Sakamakon haka sai ka ga an kashe dukiya mai yawa an danne ƙwayar cuta a jikin mutum shekara ashirin, sannan a rasa shi saboda ƙwayar hawan jini da ya kasa saye. Wani bincike da aka yi a Tanzaniya da Yuganda, aka buga a 2023, ya nuna cewa ana iya duba masu ƙanjamau da masu suga da masu hawan jini a ɗaki ɗaya, a hannun ma'aikata ɗaya, ba tare da kulawar ƙanjamau ta ragu ba. Wannan tsari yana da wata fa'ida a wurinmu: idan layi ɗaya ne, babu mai sanin abin da ya kawo wani. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohinmu da hukumar NACA su duba shi da idon basira, balle yanzu da tangal-tangal ɗin tallafin Amurka a farkon 2025 ya nuna mana haɗarin dogara da aljihun wani.

Hukumomin zakka da waƙafi, da kwamitocin masallatai, da attajiranmu, su sani cewa sayen abin awon jini a ajiye a masallaci ko makarantar Islamiyya, da ɗaukar nauyin maganin wata-wata ga mabuƙaci, sadaka ce mai gudana. A yi awon ga kowa da kowa, ba tare da tambayar wa ke ɗauke da me ba. Malamai masu wa'azi, musamman malamai mata a makarantun matan aure, su riƙa faɗa wa jama'a cewa ƙiba ba ma'aunin lafiya ba ce, rama kuma ba hujjar zargi ba ce. Ɗalibanmu da ke karatun likitanci da jinya da haɗa magunguna su shirya, domin majinyatan da za su tarar gobe dattawa ne masu cuta biyu ko uku a jiki ɗaya, masu buƙatar ilimi da kuma rufin asiri.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, da Allah Ya jarrabe ku da wannan ƙwaya: kun yi haƙurin shan magani shekara da shekaru, kun ga amfaninsa. Jikin nan amana ne, kuma bakin mutane ba zai yi jinyarku ba idan kuka kwanta. Idan likita ya ce a rage nauyi, a rage, mai magana ya yi ta yi. A ziyara ta gaba, kafin ku karɓi kwalabenku, ku miƙa hannu a auna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya tsare harsunanmu daga cutar da bayinSa. Allah ne Mafi sani.